Tsantsar Ruwan Lemo

Ni na fara gani. Kafin Malama, kafin littattafan da take cika jaka da su, kafin duk wani mai digiri a makarantar nan, ni na fara gane cewa inuwa ba baƙa ba ce. Kuma ba a aji na gani ba. A ƙasa na gani, ina kwance rigingine da karyayyen ƙugu.

A lokacin fentin gidaje nake yi. Muna shafa wa wani bene mai hawa uku farin fenti, sai katakon da nake tsaye a kai ya gaji da ni, ya sake ni. Da wani ne ya faɗo daga wurin nan, da sai dai a tara 'yan'uwa. Ni kuwa na faɗo, na buɗe ido, mutane suna salati a kaina ina kallon bango. Bokitina yana rataye can sama yana lilo, inuwarsa ta faɗa kan farin da na gama shafawa, kuma wallahi shuɗiya ce shar. Na ce da wanda ya tallabe ni, "Ka ga inuwar can? Shuɗiya ce." Sai ya juya ya ce da sauran, "Ku yi sauri, har kan ya taɓu."

Ƙugu ya ɗoru a karkace, hawa tsani ya gagara, sai na sami aiki a sashen zane na wannan makaranta. Makullai a hannuna suke. Ni ke share ɗakin zane, ni ke wanke burushi, ni ke jera kayan da ɗalibai za su kalla su zana. Shekara talatin ke nan. Ban taɓa zama a benci ba. A jikin gwangwanin fenti na koyi haɗa baƙi, kuma ga shi ina rubutu kuna karantawa. An rage ma'aikata sau biyu, ina nan. Sito ya kama da wuta, na fito da gemuna. Shugabannin sashe uku sun zo sun same ni, sun tafi sun bar ni ina kaɗa makullai.

Na huɗun shi ne wanda ɗalibai ke kira Gawayi, a bayan idonsa. Mutum ne mai son duhu. Labulen ɗakin zane a rufe yake rani da damina, ƙwan lantarki ɗaya ke rataye bisa tebur. A kan teburin akwai wani kan mutum na farar ƙasa mai gutsurarren hanci, da kwalba, da tulu. Su ake zanawa tun kafin a haifi rabin 'yan ajin. Tsarinsa ba ya canzawa: mako uku fensir, sannan a shafe komai da ruwan ƙasa, sannan a zuba baƙi duk inda inuwa take. Duk zanen da ya fito daga hannunsa sai ka rantse a bayan murhu aka ajiye shi.

Bana aka ɗauko Malama. Yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu, 'yar siririya mai saurin tafiya. Gwaji aka ɗauke ta na zango guda. A ƙarshen zango kwamiti zai zo ya duba aikin ɗalibanta. In ya gamsu a tabbatar da ita, in bai gamsu ba ta tattara. Kuma ba aikin kaɗai za ta rasa ba. An ba ta ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, ta ɗauko mahaifiyarta mai ciwon ƙafa ta zaunar a ciki. In aikin ya tafi, ɗakunan sun tafi.

Ranar da ta fara shiga ɗakin zane ta tsaya a bakin ƙofa tana lumshe ido.

"Baba, a nan ake zanen, ko a nan ake ajiye gawa?"

"Duka biyun, Malama," na ce.

Ta finciki labule. Ƙurar da ta taso ta sa 'yan aji ashirin da biyu atishawa a tare. Haske ya shigo kamar an ɓalle famfo. Daga ranar suka sa mata Malama Taga.

Ta sa na kwashe kan mai gutsurarren hanci na kai sito. Sannan ta bi tebur tebur ta tattara duk baƙin fenti da ruwan ƙasa, ta zuba a kwali, ta miƙo mini.

"Baba, ka kulle waɗannan. Ko kuka suka yi maka kada ka ba su."

Labari ya kai wa Gawayi kafin azahar. Ya zo yana huci, ya tsaya a tsakiyar hasken yana kare ido da fayil.

"Malama, wa ya ba ki izinin hana baƙi? Da me za su yi inuwa?"

"Da abin da suka gani, ranka ya daɗe."

"Abin da suka gani! In abin da suka gani za su zana, me ya kawo su makaranta?" Ya juya zai fita, ya waiwayo. "Ki yi yadda kike so. Kwamiti yana zuwa. Ni ba zan ce komai ba."

Mutumin da ya ce ba zai ce komai ba, ku sani ya riga ya rubuta shafi huɗu.

Abin da take son koya musu, ta ce, hanyar wasu masu zane ce na ƙetare, da suka yi zamani sama da shekara ɗari. Ta faɗi sunan da ake kiransu, doguwar kalma ce, harshena bai ɗauka ba kuma ban yi asarar komai ba. Wai su ba abu suke zanawa ba, hasken da ya faɗa kan abu a wannan sa'a suke zanawa. Ba sa dama launi da launi a faranti har ya koma laka. Yadda ya fito daga kwanonsa haka suke ɗora shi, tsantsa, ɗigo kusa da ɗigo, su bar idon mai kallo ya haɗa da kansa. Na ce a raina, ashe akwai masu hankali a can ma.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur kusa da taga, ta ajiye shuɗiyar buta ta ƙarfe, sannan ta fito da lemo biyar daga jakarta. Ba irin namu na kasuwa ba, mai koren ɓawo. Irin wanda ake kawowa babban kanti daga ƙasashen sanyi, jajir-rawaya kamar garwashi. Ta zagaye gindin kowanne da fensir a jikin ƙyallen don kada ya gusa. Aiki kuma daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya kawai, saboda bayan nan rana ta juya, inuwa ta canza wuri.

Saura fentin lemon. Ta cike takardar neman kaya ta rubuta: ruwan lemo, tsantsa, guda ashirin da biyu. Ni na kai wa ma'ajin makaranta da hannuna. Bayan kwana uku aka kawo katan biyu. Muka buɗe a gaban 'yan aji, sai ga kwalayen lemon sha, an rubuta a jiki babu gauraye, babu sukari.

Na koma wurin ma'aji.

"Fenti ta ce, mai launin ruwan lemo."

"Baba, karanta nan. Ina ka ga fenti? Ta ce ruwan lemo, ta ce tsantsa. Sai da na zagaya kanti uku kafin na sami wanda ba a tsarma ba. Maimakon a gode mini."

"To a canza."

"Sai zango mai zuwa. An rufe fayil."

Na ɗauka Malama za ta yi kuka. Sai ta zauna a bakin tebur tana dariya har da riƙe ciki. Ta raba wa kowa kwali ɗaya, ni ta ba ni biyu saboda girma.

"Ku sha," ta ce. "Ma'aji ya fi ni iya koyarwa. Ba ku da ruwan lemo, kuna da ja, kuna da rawaya. Wanda na kama yana dama su, zai share ɗakin nan mako guda Baba ya huta. Ɗigon ja, ɗigon rawaya, kusa da kusa. Sannan ku ja da baya taku biyar ku gaya mini me kuka gani."

Suka yi ta ɗigawa suna gunaguni. Wata doguwar ɗaliba da ke zama gaba, wadda bakinta ba ya rufuwa, ta ce, "Malama, nawa kamar lemon ya yi ƙyanda."

"Ja da baya."

Ta ja da baya, ta yi shiru. Wannan ne karo na farko da na ga Doguwa ta yi shiru. Daga nesa ɗigon nan sun haɗe, lemon yana ci kamar an kunna shi daga ciki.

A kwana na uku aka zo kan inuwa. Malama ta nuna wadda lemon tsakiya ya jefa a kan ƙyalle.

"Wane launi ne wannan?"

"Baƙi," in ji aji baki ɗaya.

"Ku sake dubawa."

"Toka-toka," in ji wani mai wayo.

Ina can baya da tsintsiya. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da maganar nan a cikina. Na ce, "Shuɗi ne. Da ɗan shunayya a gefen da ke kusa da lemon."

Aji ya fashe. Doguwa ta ce, "Baba, ko lemon ma'aji ne ya hau maka kai?"

"'Yar nan, ina haɗa fenti tun babanki yana yawo ba wando."

Na yagi gefen kwali, na huda shi da ƙusa, na miƙa mata. Haka muke yi in za mu gyara tsohon bango: ka leƙa ta ƙaramin rami, ka daina ganin bango, ka ga launi kawai. Na ce ta rufe ido ɗaya ta saita ramin a kan inuwar. Ta leƙa. Ta sauke. Ta sake leƙawa.

"La ilaha. Shuɗi ne."

Kwalin ya zagaya aji. Malama ta tsaya tana kallona.

"Baba, a ina ka koyi wannan?"

"A ƙasa, Malama."

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Babba ba ya zazzage komai a rana ɗaya.

Mako biyu suna aiki. Zanuka ashirin da biyu suka jeru a jikin bango, babu ɗigon baƙi ko ɗaya, ɗakin ya zama kamar kantin atamfa. Gawayi yakan wuce ta taga, ya leƙo, ya rubuta wani abu a fayil. Aka sa ranar kwamiti: Alhamis, ƙarfe goma.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru ranar Talata, kuma ina so a lura cewa ba laifina ba ne. A shekara talatin, duk ranar da ɗalibai suka wanke burushi suka kife faranti, aiki ya ƙare, abin da ke kan tebur na mai shara ne. Haka na gada. Kawai dai kan farar ƙasa ba ya ciwuwa, shi ya sa ba a taɓa samun matsala ba. Ranar Talata suka wanke burushi, suka kife faranti. Lemon ya fara laushi. Na zuba su a aljihu na kai gida.

Tsohuwata ta ɓare biyu bayan la'asar, muka zauna a ƙofar ɗaki muka sha. Jikoki suka ƙarasa ukun.

"Malam, wannan lemon ba na talaka ba ne," ta ce tana tsotsar yatsa. "Ka tabbata ba a kirga da shi?"

"Ke, ni ake tambaya kafin a motsa kujera a sashen nan."

Laraba da safe wayata ta yi ƙara. Malama ce. Ta kai mahaifiyarta asibiti a duba ƙafar, ba za ta shigo ba sai gobe.

"Baba, don Allah ka kulle ɗakin. Kada kowa ya taɓa teburin. Kwamiti za su gwada zanen da abin da ke gabansu, shugaban sashe ne ya nemi a yi haka. Ko lemo ɗaya ya gusa, ya sami abin faɗa."

"Kada ki damu, 'yata," na ce. "Ina nan."

Na kashe waya na zauna a kan bokiti. Tsohuwa tana tsaye da tsintsiya, ta ji komai.

"To, wanda ake tambaya kafin a motsa kujera," ta ce, "sai a je a tambayi cikin jikoki."

Ban kula ta ba. Na tafi babban kanti, aka ce irin wannan lemon ya ƙare sai wani makon. Na shiga kasuwa, na bi layin masu kayan marmari daga farko har ƙarshe. Lemo tuli, amma duk kore kamar ganye. Na ce da wani mai tebur, "Ba ka da lemo mai ruwan lemo?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, duk da ruwa a ciki. In yanka maka ka gani?"

"Launin nake nufi."

"Launin lemo ai ga shi nan a jikin lemo."

Na ga in na tsaya za mu kai yamma. Na zaɓi biyar masu girman waɗancan na koma makaranta. Na ɗora kowanne a cikin zagayen fensirinsa. Na dubi tebur, na dubi bango. A bango wuta, a tebur ciyawa. Ko makaho aka kawo zai ce yarinyar nan ta koya wa ɗalibai ƙarya.

Wani a nan zai zauna ya yi tagumi. Ni mai fenti ne. In zane bai yi kama da lemo ba, ai sai lemo ya yi kama da zane.

Na ɗauko zanen Doguwa, don nata ya fi kyau, na jingina a gabana. Na matso ja, na matso rawaya. Ban dama ba, kada a ce ban ji darasi ba. Ɗigon ja, ɗigon rawaya, kusa da kusa, har da ɗan farin nan a inda taga ke bugawa. Lemo biyar, sa'a uku. Na ja da baya taku biyar. Jama'a, ko uwar bishiyar da ta haife su ba za ta ce ba daga ƙasar sanyi suka zo ba. Abu ɗaya kawai: fentin masu zane na mai ne, yana kwana huɗu bai bushe ba. Na buɗe tagogi, na ce ai kwamiti kallo suke zuwa yi, ba taɓawa ba.

Alhamis Malama ta iso ƙarfe goma saura kwata, idonta ja don rashin hutu. Ta dubi tebur daga bakin ƙofa ta sauke ajiyar zuciya.

"Baba, Allah ya saka. Kai, har sun fi kyau yau."

"Hasken ne," na ce.

Ta taka za ta matsa kusa, sai ga kwamiti. Mutum huɗu. A gaba Ciyaman na kwamitin, mataimakin shugaban makaranta, wanda fanninsa lissafin gine-gine ne, ƙato mai farar babbar riga da zobe a yatsa uku. Bayansa wasu malamai biyu da aikinsu gyaɗa kai ne. A ƙarshe Gawayi da fayil.

Ciyaman ya bi bango yana kallo da hannu a baya. Ya dubi zanen Doguwa, ya dubi tebur, ya sake duban zanen.

"Ikon Allah. Kamar an tsaga kara. Har ɗigo-ɗigon nan akwai su a jikin lemon. Ni ban taɓa lura lemo haka yake ba."

"Haka yake, ranka ya daɗe," in ji masu gyaɗa kai.

Malama ta ɗan yamutsa fuska. Ta dubi lemon da kyau. Ta dube ni. Na dubi silin.

Gawayi ya buɗe fayil. "Ranka ya daɗe, a bar lemon. A dubi inuwa. Shuɗiya! Yara ashirin da biyu an koya musu inuwa shuɗiya ce. Gobe in suka fita suka zana mutum da shuɗiyar inuwa, sunan makarantar nan za a kira. Ba ta koya musu fensir ba, ba ta koya musu dama launi ba, ta kulle kayan gwamnati a sito. Wannan ba koyarwa ba ce, wasan yara ne."

Ciyaman ya gyaɗa kai a hankali. Masu gyaɗa kai suka bi shi.

"To, bari mu gani," in ji Ciyaman. Ya matsa tebur. "Wace inuwar? Ta wannan?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki lemon tsakiya.

Ya juya lemon, sai ga koren gindi inda burushina bai kai ba. Ya ajiye shi, ya buɗe tafin hannu. Yatsu biyar, zobe uku, duk sun rine.

Gawayi har wani tsalle ya yi. "Algus! Ranka ya daɗe, ka gani da idonka! Ta shafa wa lemo fenti don ya dace da ƙaryar da ta koyar! Wannan ba kora kaɗai ba ce, sai an rubuta a takardarta!"

Ciyaman ya juya ga Malama. "Ke kika yi wannan?"

Ta buɗe baki. Ta san ko wane ne, ai makulli ɗaya ne. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tsira. Sai ta rufe bakin ta sunkuyar da kai.

Ni fa abin da ya sa na shekara talatin a wurin nan shi ne ban taɓa amsa laifi ba. Gilashi ya fashe, iska ce. Fenti ya ɓace, zafi ne ya shanye shi. Da wannan na binne shugabanni uku. Amma na tuna tsohuwar nan mai ciwon ƙafa, da yadda za a fito mata da katifa bakin titi saboda lemon da ke cikin jikokina. Na jingina tsintsiya.

"Ranka ya daɗe, aikina ne. Na asalin ni na shanye su, da ni da iyalina, kuma suna da zaƙi. Waɗannan ni na shafa. Ita ba ta sani ba. Kuma a duba aikin da kyau kafin a yi magana, don kai da kanka ka yaba."

Wani ɗalibi ya tuntsire a baya. Ciyaman bai yi dariya ba. Yana neman inda zai goge hannu, farar rigarsa kuwa ba ta taɓuwa. Sai ya dangwala babban yatsansa a kan ƙyallen tebur, daidai cikin inuwar buta, ya danna.

"Ranka ya daɗe, tsaya!" Malama ce. Muryarta ta dawo. "Kada ka ƙara. Don Allah ɗaga hannunka. Yanzu ja da baya taku biyar."

Ban san me ya sa ya bi ba. Wataƙila tun da ya zama babba ba wanda ya ba shi umarni, abin ya zo masa sabo. Ya ja da baya, ɗaya, biyu, har biyar.

"Dubi tambarin yatsanka. Sannan dubi abin da ke kewaye da shi. Baƙi ne?"

Tambarin nan, ja da rawaya ba a dama ba, yana zaune a tsakiyar inuwa yana ƙuna. Kuma saboda shi inuwar ta fito fili, shuɗiya kamar an rina. Ko Gawayi ya gani.

"Shuɗi ne," in ji Ciyaman a hankali. "Kai. Shuɗi ne fa."

"Shi ne duk abin da nake koya musu, ranka ya daɗe. Launi tsantsa in ya zauna kusa da kishiyarsa, kowanne sai ya tayar da ɗan'uwansa. Mako biyu ina fama in nuna musu, kai ka yi shi da yatsa ɗaya."

Yarinyar nan ashe ta iya zama da manya. Ciyaman ya dubi yatsansa kamar yau aka ba shi shi.

"To ai dama," ya ce, "tun ina ƙarami ina da ido a kan irin waɗannan abubuwa."

"Kowa ya sani, ranka ya daɗe," in ji masu gyaɗa kai. Ɗayansu ma ya ce shi har kore-kore yake hangowa, Ciyaman ya ce masa kada ya wuce gona da iri.

Gawayi ya rufe fayil. "A gaskiya, ranka ya daɗe, abin da nake ƙoƙarin nunawa ke nan tun ɗazu. Ni na ba ta dama ta gwada wannan tsari a sashena."

Bayan sun fita, Malama ta sallami ɗalibai, ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa.

"Baba, ka kusa kashe ni."

"Amma kin mutu?"

"Me ya sa ba ka gaya mini a waya ba? Da na roƙi a ɗaga ranar."

"Da an ɗaga, da wa zai dangwala yatsa? 'Yata, komai a lissafe na yi shi."

Ta ɗauki ɗaya daga cikin lemon ta jefe ni da shi. Rigar har yau da tabon, tsohuwa ta wanke sau uku ta haƙura.

Takardar tabbatar da ita ta fito bayan mako guda. Mahaifiyarta tana nan a ɗakinta, ƙafa ta yi sauƙi, har ta aiko a gaishe ni. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, wai na ci kayan koyarwa. Na sa ta a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi, ta yi daidai.

Ciyaman kuwa abin ya shige shi. Ya sa aka yanke ƙyallen, aka sa shi a gilashi, aka rataye a ofishinsa. A ƙasa an rubuta sunansa, da na Gawayi a matsayin wanda ya jagoranta. Na Malama yana can ƙarshe da ƙananan haruffa. Nawa babu. Sannan ya fitar da sanarwa aka manna a ƙofar shiga: daga yau an hana shigo da baƙi sashen zane. Shi fenti yake nufi. Maigadi ya karanta, ya gyara tsayuwa. Kwana tara ke nan ba wanda ya wuce shi in ba ɗan sashe ba. Ya kori mai gyaran famfo, ya kori iyayen ɗalibai, ya kori surukin Gawayi da ya zo daga nesa. An gaya masa kuskure ne, ya ce shi sai ya ga wata takardar, kuma wanda zai sa mata hannu ya tafi taro.

Na san akwai masu cewa tsoho ya ƙara gishiri. To, ga hanya nan. Ka je ofishin Ciyaman, ka ce a nuna maka ƙyallen. Ka matsa hancinka jikin gilashin ka ƙirga: ja daban, rawaya daban, ba a dama ba. Ka tambaye shi a gaban mutane wa ya ɗora su a jikin lemon kafin su hau yatsansa, ka ga ko zai iya haɗa ido da kai. In ka gama, ka zo sashen zane ka maimaita mini a fuskata cewa ƙarya nake. Ina nan daga bakwai zuwa huɗu. In ka isa, ka wuce maigadi.